Mofa Mai Juya Wuya

Waina nake toyawa a bakin ƙofar wani ƙaramin asibitin kuɗi da ke kan hanyar Kagoro, a nan Kafanchan. Sunana Sa'adiya, amma kowa Maman Zamzam yake ce mini. Wadda ke zaune a kujera 'yar tsugune tun safe har hantsi ba fuskokin mutane ta fi gani ba, hannayensu take gani, na masu miƙo kwano da na masu karɓar leda. Shi ya sa na riga kowa lura cewa hannun hagun Baba Azariya ya daina aiki.

Baba Azariya mai goge-goge ne a asibitin. Mutumin wani ƙauye ne a bayan Zonkwa, dogo, mai furfura, dattijo a cocinsu, ga tsabtar da har haushi take ba ni: sai ya kaɗe bencina da hankici kafin ya zauna, kamar kaji ne suka kwana a kai. Yana saurayi ya shigo gari ya kama aikin wanke taragon jirgin ƙasa, lokacin da Kafanchan take Kafanchan, jiragen kudu da na arewa suna haɗuwa a nan. Jirgi ya yi ta raguwa har ciyawa ta rufe layin dogo, shi kuma ya koma ƙauye noman citta. A can ya aurar da 'ya'yansa, a can ya binne matarsa. Shekarar da cuta ta shiga citta ta ruɓar da ita tun tana ƙasa, ya tona gonarsa kaf bai sami abin da zai cika buhu ba. Ya bar wa ƙanensa gonar, ya dawo gari da jaka ɗaya, ya sake ɗaukar bokiti yana da shekara sittin da wani abu.

Hawan jini ne ya taɓa shi wata Lahadi bayan sun taso daga sujada. Bai faɗi ba, bakinsa bai karkace ba. Hannun ne kawai ya yi sanyi, yatsun suka ƙi damƙar komai. Ya aika asibiti cewa zazzaɓi ne, ya yi 'yan kwanaki a ɗaki, ya dawo aiki da hannu a aljihun wando. Mutum yana wuni cikin likitoci, amma sai ya zagaya can bayan kasuwa ya sayi magani a kemis kamar mai sayen kayan sata. Da na gane, ban raga masa ba. Na ce masa wannan ba dabara ba ce, ganganci ne, kuma girma ya faɗi in dattijo kamarsa yana wasa da ransa.

Ya bar ni na gama faɗana, sannan ya ce, "Maman Zamzam, in Metiron, shugabarmu a wurin aiki, ta sani, aiki ya ƙare. Boaz zai zo ya kwashe ni zuwa Sabon Tasha. Ɗaki ɗaya ne, shi da mata da yara. Ni zan zama kaya a wurin."

Boaz ɗansa ne, direban bas. Ban san shi ba, amma na san irin ɗakin. Na ƙara masa waina ɗaya a kan wadda ya saya.

Su biyu ne masu goge-gogen asibitin, shi da Milka. Ita gajeruwa ce, kakkaura, ba ta da yawan magana. Daga wajen Kauru ta zo da jikokinta bayan an ƙone musu rumbuna aka kashe mijinta, kuma ba ta taɓa ba ni labarin da bakinta ba, a wurin matan zumuntar cocinsu na ji. Ita ce mutum ta biyu da ta san maganar hannun, don ba yadda za a yi ta kasa sani. Mofar goge ƙasa da asibitin ke saya irin ta kasuwa ce, sanda miƙaƙƙiya da tulin zare a ƙasa. Matse ta sai da hannu biyu, ɗaya ya riƙe sanda ɗaya ya murɗa zare. Shigar da ita ƙarƙashin gado sai ka duƙa ka kwantar da sandar, ka tura da hannu biyu. Baba Azariya ba ya iya ko ɗaya. Ba tare da ya roƙe ta ba, Milka ta koma shiga ɗaki ɗaya da shi. Ita ke matsewa ta miƙa masa, ita ke bin ƙarƙashin gadaje da bayan ƙofa, shi kuma ya bi tsakiyar ɗaki da baranda inda ake ganinsa. Ta gama nasa ta koma nata. Sau da yawa nakan kwashe tandata in tafi gida tana can tana wanke banɗakin mata.

Haka suka yi ta yi har damina ta shigo, masu jinya suna shigowa da jan laka a takalma. Aiki ya ninka. Metiron Mildred, shugabar nas-nas ɗin, mace ce mai ido, ta fara tambayar dalilin da ya sa mutum biyu ke cunkushe a ɗaki ɗaya alhali ɗakin haihuwa na jira. Milka ta ce mata hira ce ke sa aiki sauri. Wanda ya san Milka ya san wannan amsa ba za ta daɗe ba.

Ƙanena Saifuddeen mai walda ne, rumfarsa na tsallaken titi. Wata rana da yamma Baba Azariya ya same shi da tsohuwar sandar mofa, ni kuma na bi shi don ba na son a yi abu a unguwa ban sani ba. Tsohon ya ce ya ga irin wadda ake sayarwa a manyan kantuna, mai faffaɗan kai da wuya mai juyawa, amma wuyan na roba ne, ba zai yi wata guda a asibiti ba, kuma ita ma sai da hannu biyu. Shi yana son wadda hannu ɗaya zai sarrafa: in ya karkata wuyan hannunsa dama kan ya bi dama, in ya sauke sandar ƙasa kan ya zauna daram a kan tayil ya shige ƙarƙashin gado shi yana tsaye. Saifuddeen ya dubi aljihun da hannun ke ciki, bai tambayi komai ba. Ya shiga tulin tarkacensa ya zaro madubin wani mataccen babur, ya nuna mana 'yar ƙwallon ƙarfen da ke bayan madubin, wadda ke sa shi juyawa ko ta ina. Ya ce ga wuyan nan.

Ba a rana ɗaya aka samu ba. Ya yanko guntun alminiyon na firam ɗin taga ya yi kai da shi, suka naɗe shi da tsohon tawul. Gwajin farko, kan ya yi ta lanƙwasa yana kifewa kamar wuyan kazar da aka yanka. Da ya ɗaure notin da ƙarfi sai ya ƙi juyawa gaba ɗaya. Sai da ya sa sifirin na jakin da ake tsayar da babur a kai a bayan ƙwallon, yadda kan zai juya in an matsa masa, ya dawo daidai in an sake shi. Baba Azariya ya gwada ya ce har yanzu yatsunsa ne ke ɗaukar duk nauyin, sai Saifuddeen ya tsaga guntun bututun roba ya kafa a saman sandar, dantse ya shiga ciki ya zama shi ke turawa. Matsewa kuwa, katako biyu ya haɗa da ƙarfen ƙyauren ƙofa ya ɗora a bakin bokiti, a sa kan mofar a tsakiya a taka da ƙafa. Duk wannan lokaci Baba Azariya yana ce masa Injiniya, shi kuma yana ce masa Oga Mai Zane. Na daɗe ban ga tsohon yana dariya haka ba, kuma ni ma na yi murna, ba zan ɓoye ba.

Abin ya yi aiki fiye da yadda aka so. Mofar tana zagaye ƙafar gado ba a ɗaga ta ba, tana shiga lungun kabad, tana bin gindin bango. Ɗakin da a da sukan daɗe a ciki su biyu, yanzu kafin in juya waina sau nawa ya fito. Milka ta sami sarari, har ta fara zama ta sha kunu a wurina kafin ta tafi.

A nan ne kuma Baba Azariya ya yi wauta. Mutumin da ya kamata ya lallaɓa, sai ga shi yana nuna gwaninta. Ya gama ɗakunansa ya shiga na Milka yana cewa ta huta, ta yi masa da yawa. Da zuciya ɗaya yake yi, na sani, yana son ya rama alheri. Amma har da jin daɗin a kalle shi. Nas-nas suna taruwa, shi kuma yana tsaye ƙiƙam, hannu ɗaya a aljihu kamar wani babban ma'aikaci, yana murza sanda tana rawa a ƙasa. Hannun da yake ɓoyewa ya koma kamar yanga, ba wanda ya ƙara zargin komai. Na ce masa ya rage gudu, idon mai gida ba ya son ganin ma'aikaci a zaune. Ya ce ni dai ban iya ganin abin kirki in yaba ba.

Ranar da aka kira su biyu ofishin Metiron, na san ruwa ba ya tsami banza. Milka ce ta ba ni labarin daga baya. Metiron ta ce likita mai asibitin ya duba, marasa lafiya sun ragu, man janareta ya yi tsada, kuma kowa ya ga yanzu mutum ɗaya ya isa aikin. Sun zaɓi Baba Azariya, don shi ya kawo dabarar, kuma namiji ne, in ta kama zai taimaka a ɗaga majinyaci. Milka za ta ƙarasa wata ta tafi. Metiron ba ta ji daɗin faɗin haka ba, har ta tambaye su ko akwai mai magana. Milka ta ce ta juya ta dubi aljihunsa. Shi kuma ya dubi tayil. Ba wanda ya ce komai, aka sallame su.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Washegari da ya zo sayen waina ban bari ya zauna ba. Na ce masa ya ji kunya, matar da ta rufa masa asiri da bayanta da gwiwoyinta ita ya bari aka kora yana tsaye, da wane baki zai tsaya gaban mutane ranar Lahadi. Na faɗi har abin da bai kamata in faɗa wa sa'an babana ba.

Bai musa ba. Ya ce, "Na buɗe baki, Allah ya sani na buɗe. Sai na ga ɗakin Boaz. Na ga inda za su sa tabarma na, kusa da ƙofa."

Na ce ita fa, jikokinta ƙasa za su ci? Sai ya karɓi ledarsa ya shiga ciki. Na tsallaka na sauke sauran fushin a kan Saifuddeen, shi kuma ya ce, "Yaya, ni ƙarfe na haɗa." Gaskiyarsa ce, amma ranar ban so jin ta ba.

Har watan ya ƙare ina jiran tsohon ya koma ofis ya gyara. Kullum da safe in na ga ya nufi wajen sai in bi shi da ido, sai ya wuce zuwa ɗakin ajiyar kaya. Ya rame, ya daina tsayawa hira. Shi da Milka suna gaisawa, ina kwana, lafiya, shi ke nan. Na rasa wanda zan fi jin haushi, shi da ya yi shiru, ko ita da kalma ɗaya za ta cece ta amma ta ƙi furtawa. Na tambaye ta kai tsaye. Ta ce ita ta rufe asirin, in ta buɗe da hannunta me za ta gaya wa Ubangiji. Sannan ta ce, "Amma ba zan yi ƙarya ba, Maman Zamzam. Na jira ya yi magana. Na jira sosai."

Ranarta ta ƙarshe ta fito da 'yar ledar kayanta, da silifas ɗin aikinta a hannu. Ta sami wankin citta a kasuwa, aikin da ake yi a tsugune cikin ruwa, kuma ba kullum ake samu ba. Ta tsaya a wurina ba ta zauna ba. Ta ce akwai saƙon da take son in ba Baba, ita ba za ta iya ba. Ashe duk wannan lokaci, har bayan zuwan sabuwar mofa, ita ke riga shi zuwa ta ɗebo ruwa daga tankin da ke bayan asibiti, ta hau matakala da shi ta ajiye masa a baranda. Shi yana zuwa ya tarar da bokiti cike, bai taɓa ɗaga shi daga can ba.

"Ki gaya mishi kada ya cika," in ji ta. "Rabi-rabi zai ɗauka. In ya cika, zai ja shi gefe a kan matakala, ya faɗi, kowa ya gani."

Na so in riƙe saƙon, don a ganina bai cancanta ba. Amma amana ce. Da hantsi ya fito na faɗa masa yadda ta faɗa, ban ƙara ban rage ba. Ya tsaya yana kallona. Sai ya zauna a bencin, ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna girgiza. Masu sayen waina suka zo suka tafi, wata ta tambaye ni ko rasuwa aka yi masa, na ce mata ta karɓi canjinta ta yi gaba.

Yana nan har yanzu, aikin nasa ne, ba wanda ya gano komai. Daga inda nake zaune ina hango lungun da ke zuwa tanki. Tun kafin in hura wuta yake farawa, ya sauka, ya hau da rabin bokiti, ya juye, ya sake sauka. Wani lokaci yakan tsaya a tsakiyar matakalar ya jingina da bango yana haki, ya waiga ko akwai mai kallo. Ni kuma sai in mai da idona kan tanda.