Yadda Na Tona Arzikin Babana a Bakin Famfo

Abin da idona ya fara sauka a kai ranar da aka kai ni makarantar kwana ta 'yan mata a Funtua shi ne diddigen ƙafafun ɗalibai. Muna tsaye a layi ana duba kayanmu, kaina a sunkuye kamar yadda na saba, sai na ga ƙafafu a jere, sumul, babu faso ko ɗaya. Na dubi nawa, na ɓoye su a bayan akwatina. A lokacin ni 'yar aji ɗaya ce daga wani ƙauye a bayan Ƙarfi, marar magana, wadda in an yi baƙi take laɓewa bayan ƙofa. Amma ba abin da ke wucewa ban gani ba. Inna takan ce ko allura ce ta ɓata a gidanmu, ni za a tambaya. Wannan hali na gani in yi shiru shi ya kusa jawo wa mahaifina bala'i ranar da na buɗe baki. Shi ya sa na rubuto muku, ko wata yarinya za ta karanta ta kiyaye.

A makarantar nan na koyi cewa arziki yana da alamomin da ban taɓa sani ba. 'Yar masu kuɗi ba ta cewa Baba, sai Abba ko Dadi. Ba ta cinye abincin makaranta, takan ɗan taɓa ta ture kwanon. Ba ta iya daka ba, kuma da alfahari take faɗin haka. An taɓa zuwa Umara da ita, ko aƙalla ta yi hutu a Abuja. Akwai wata a ɗakinmu, mai baki ƙwarai, ita ta raba mu gida uku: 'yan mota mai sanyi, 'yan motar haya, sai 'yan babur. Amma wadda ke kwana a gadon sama da nawa daban take. Kowa ya san mahaifinta babban Alhaji ne mai gonar kaji da injin haɗa abincinsu, duk da haka ban taɓa jin ta tambayi abin da uban wata yake da shi ba. Takan leƙo daga sama ta ce in sam mata ƙuli-ƙuli, ta yi ta tambayata yadda ake girbin gyaɗa. Ita ce kaɗai ƙawata.

Mahaifina manomi ne, masara da waken soya da 'yar auduga. Babur ɗinsa tsoho ne, da roba aka ɗaure mazauninsa, rigunan fitarsa kuwa kowa a ƙauye ya haddace su. Katangar gidanmu ta laka ce. Amma ni na san abin da ke bayan wannan. Na san akwai sito a bayan gidan Gwaggo, yayarsa, mai koriyar ƙofa, cike da buhunan masara har rufi. Na san akwai shanu a hannun wani amininsa Bafulatani can wajen Musawa. Ba wanda ya gaya mini, gani na yi, na kuma ji ina zaune kamar ba na saurare. Abin da ba a taɓa bayyana mini ba shi ne dalilin ɓoyon. Ana dai cewa a gidanmu ba a kai maganar gida waje. Ni kuwa a zuciyata na ɗauka rowa ce kawai.

Ranar ziyara ta farko motoci suka cika filin makaranta. Baba ya zo a kan babur ɗinsa, ya ɗauro kwanon dambu a baya. Mai bakin nan ce ta fara ganinsa yana tambayar sunana. Ta shigo ɗaki tana ƙwala mini kira, wai in yi sauri ɗan acaɓa ya kawo mini saƙo, kada ya ƙara kuɗin jira. Ɗaki ya ɗauki dariya. Da aka ce mata ai mahaifina ne, sai ta dafe ƙirji ta ce Allah Sarki, to in gaishe shi da sana'a. Na fita na zauna kusa da Baba a gindin bishiya, na kasa ko buɗe kwanon. Shi Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci. Ya ce Uwata, wa ya taɓa ki? Sai kuka ya ƙwace mini, na tambaye shi me ya hana shi sayen mota kamar iyayen kowa. Da farko dariya ya yi, ya ce babur ɗin nan bai taɓa barinsa a hanya ba. Da ya ga kukan na gaske ne sai ya daɗe yana kallon motocin, sannan ya ce in share hawayena, zai duba.

Bayan 'yan kwanaki muna wanki a bakin famfo, ɗalibai cike, mai bakin ta sake tayar da maganar. Ta ce a ba ni wuri in gama da wuri, ko za a aiko acaɓa ya ɗauke ni. Ban san lokacin da na miƙe ba. Ni da ko a aji ba a jin muryata, ranar nan har masu shanya a nesa sun ji ni. Na ce babana in ya ga dama zai sayi motar ubanta ya haɗa da direban. Na faɗi siton, na faɗi koriyar ƙofa, na faɗi bayan gidan wa yake. Na faɗi shanun da inda suke kiwo. Mai bakin ta ce ashe bebiya tana magana, to in haka ne a saya mini man shafawa in gyara faso. Amma dariyar da aka taya ta ba ta da ƙarfi. Daga ranar aka daina kirana 'yar babur, har waɗanda ba sa amsa gaisuwata suka fara matsa mini wuri a layin abinci. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi sosai.

Da aka yi hutu na koma gida, tun daga zaure na ga an canza. Tabarmar da Baba ke shimfiɗawa a ƙofar gida bayan la'asar tana naɗe a jingine. Inna ta rame. Wayar Baba takan yi ƙara, ya dubi lambar, ya kife ta. Lokacin cirar auduga ne, amma ya daina zuwa gonarsa ta nesa. Ina share tsakar gida na ji Gwaggo da Inna suna magana ƙasa-ƙasa. Wai waɗansu baƙi biyu masu fararen kaya sun sauka wajen mai shayi suna tambayar gidan mutumin nan mai sito a bayan gidan yayarsa, sito mai koriyar ƙofa, wanda yake da shanu wajen Musawa. Mai shayin ya ce musu bai san mai irin wannan ba, suna tafiya ya zo ya sanar da Baba. Duk wanda ke zaune a yankinmu ya san abin da irin wannan tambaya take nufi. A ƙauyen da ke kusa da mu haka aka fara, kafin masu garkuwa da mutane su ɗauke wani bawan Allah, sai da iyalinsa suka sayar da gonaki. Na ji Gwaggo tana cewa lalle akwai wanda ya kai labari, kuma Baba ya fara zargin direban da ya yi shekara da shekaru yana yi masa dakon masara.

Tsintsiyar ta faɗi daga hannuna. Koriyar ƙofa, bayan gidan yayarsa, wajen Musawa, a jere kamar yadda na faɗa a bakin famfo. Na daina cin abinci. In na ji ƙarar babur a waje sai in ruga in leƙa in ga ko waye. Kullum in Baba ya fita masallaci sai in tsaya a bakin zaure har ya dawo. Da na ga ba zan iya ba, na sami Inna tana tankaɗe, na durƙusa na gaya mata komai. Ta ajiye rariyar ta yi ta salati. Ta ce ke da ba kya magana, da kika tashi yi sai kika yi wadda za ta kashe ubanki? Ta ja hannuna har gaban Baba. Na yi zaton duka, amma bai ko ɗaga murya ba. Ya tambayi su wa ke wurin, na ce ba su ƙirguwa. Ya ce Uwata, ke kin ɗauka ni ba na son mota ne? Ya ce a zamanin nan, a ƙauye irin namu, duk wanda aka san yana da abu, 'ya'yansa ba sa barci. Sannan ya ce ko ba komai na sauke masa nauyi ɗaya, zai je ya nemi gafarar direban nan, ko da yake bai taɓa furta masa zargin ba.

Inna ce ta ce in kira wadda na fi yarda da ita a makaranta, ko za a gane ta inda maganar ta fita. Na kira ƙawata ta gadon sama. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta tambaye ni da murna ko yaran Abbanta sun same mu. Na ce waɗanne yara? Ta ce ai tun muna makaranta, ranar da Abba ya zo ganinta, ta ji shi yana kukan ƙarancin masarar abincin kaji, sai ta ba shi labarin babana, don tana so su yi ciniki mu riƙa ganin juna. Ya tura yaransa biyu, suka dawo suna cewa mutanen ƙauyenmu ba su da kirki, kowa ya ce bai san komai ba. Ya samo lambar Baba wajen wani dillali, ya yi ta kira ba a ɗauka. Inna da ke jin komai ta fara dariya, dariyar ta koma kuka, ta ce a ba ta ruwa. Baba ya karɓi wayar, aka haɗa shi da Alhajin. Alhajin ya yi ta ba shi haƙuri, ya ce yaran nasa 'yan birni ne marasa tunani, wa yake irin wannan tambaya a teburin mai shayi a wannan lokaci? Ya ce shi kansa rabonsa da kwana a garin da aka haife shi har ya manta. Ranar nan Baba ya ci tuwo har ya nemi ƙari.

Duk da haka sai da aka ɗauki mataki, tun da maganar ta riga ta shiga kunnuwa. Aka kwashe masarar aka sayar wa Alhajin, aka bar siton a buɗe kowa ya ga babu komai, aka sauya wa shanun wuri. Wannan karon ban san inda aka kai su ba, kuma ban yi ƙoƙarin sani ba. Da muka sake waya da ƙawata ta ce mini ita ni take wa sha'awa, don ina zuwa gona da kasuwa da ƙafata, ita kuwa daga bayan doguwar katanga sai makaranta. Nan na fara tunani a kan abin da muke kira 'yar masu kuɗi. Ban taɓa kwana da yunwa ba. Ba a taɓa koro ni daga makaranta ba. Ba a taɓa ɗora mini talla ba. In na yi zazzaɓi ranar ake kai ni asibiti. Kuma har zuwa ranar da na yi magana a bakin famfo, barcina nake yi ba tsoro. Ashe duk tsawon lokacin nan cikin gata na tashi, tsohon babur ɗin da nake jin kunyarsa kuwa shi yake tsare mini gatan.

Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman mu na wannan yanki. In an yi miki gori, ki haɗiye. Kada ki rama da sirrin gidanku, don ba ki san kunnen da zai ɗauka ba. Ni Allah ya rufa mini asiri maganata ta faɗa hannun mutumin kirki, ba don wayona ba. Iyaye kuma, don Allah ku riƙa gaya mana dalili, ba hani kaɗai ba.

Ana gobe zan koma makaranta Baba ya kira ni zaure. Ya ce bai manta alkawarinsa ba, ya ga wata 'yar mota ta hannu a Malumfashi, in Allah ya kai mu ziyara mai zuwa a ciki zai zo. Na durƙusa a gabansa na ce Baba, don girman Allah kada ka saya. Ka zo mini a kan babur ɗinka, da kwanon dambun nan a baya, kuma ka tsaya a tsakiyar fili inda kowa zai gan ka, ni zan fito da gudu in tarye ka.