Yatsun Kaka a Jikin Bango

Aikina shi ne yi wa shafukan intanet ado. Ba ni ke rubutun da ke kai ba, ba kuma ni ke ɗaukar hoton kaya ba. Nawa shi ne abin da ke bayansu, launi da zanen da ido ke bi ta kai ya wuce ba tare da ya tsaya ba. Ina da ɗan shago a Sabon Gari, nan Gusau, tsakanin mai gyaran waya da mai katifa. Yadda ake aikin ba wuyar faɗa: ka shimfiɗa launi, ka ɗora wani a kai, ka ɗauki buroshin kwamfuta ka yi ta ɗiga zane har abin ya zauna. Kowane shafe muna ce masa leya, kuma daɗin abin shi ne kowace leya zaman kanta take yi. In ta sama ba ta yi maka ba sai ka kashe ta, ta ƙasa ta fito lafiya lau.

Ina da hali ɗaya da kowa a layinmu ya sani: ba a taɓa min gilashin kwamfuta. Ko Alhaji ne ya zo da babban aiki, ya miƙa yatsa zai nuna, sai na janye ta na miƙa masa biro. Ƙyalle na musamman gare ni na gogewa.

Mutane kan tambaye ni inda na koyi haɗa launi, sai in ce a intanet. Gaskiya ne, amma tun kafin in san akwai wata aba wai ita kwamfuta na ga ana wannan aiki, a ɗakin kakata ta wajen uwa, can Kekun Waje ta ƙasar Bunguɗu. Duk shekara, in an gama kai amfanin gona gida, Kaka takan fitar da kayanta tsakar gida ta sabunta bango. Sai ta fara yaɓe da laka mai laushi, kafin ta bushe ta ja yatsu huɗu a kai, layi-layi masu lanƙwasa, daga kusa da rufi har daidai ƙugu. In ya sha iska ta bi da jar ƙasa, ta ɗaura masa ɗamarar shuni, sannan ta tsoma totuwar masara a farar ƙasa ta riƙa dangwalawa. Ni ne mai tsayuwa a bakin ƙofa ina kallo, ita kuwa ba ta rasa abin faɗa min.

"Kai, miji marar anfani, ɗebo mini ruwa. Ko cehwane ba ka iyawa, sai tsayi kana kallon mutane."

Ina son tsohuwar nan ƙwarai. Har yau in na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar laka sai in ji kamar za a yi min tsiya daga baya.

Kaka ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. In ta ga an ɗaga waya sai ta ja mayafi ta juya baya. Da ta rasu, muka duba ko'ina, babu fuskarta a hannun kowa. Abin da ya rage nata a duniya shi ne bangon nan, shafen shekararta ta ƙarshe. Na sha cewa zan je in ɗauke shi, amma hanya ba ta da daɗin bi kamar da, aiki kuma ba ya ƙarewa. Ana nan sai Kawu, ƙanin mahaifiyata wanda ke riƙe da gidan, ya kira ni a waya.

"Ɗakin tsohuwa ya tsage, ba shi kai wata damana. Za mu tada shi mu aza bulo. In akwai abin da kaka so ciki, ka taho."

Na ce masa ba na son ko tsinke, hoton bango kawai zan ɗauka, kada a rushe sai na zo. Na faɗa wa Inna, mahaifiyata, ko za ta bi ni. Ta ce ita me za ta je yi. Ban yi mamaki ba. Inna ce 'yar fari a wurin Kaka, kuma irin kunyar mutanen da gare su. Kaka ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta zama da ita tabarma ɗaya, ni dai ban taɓa ganin hannun ɗayarsu ya taɓa na ɗaya ba. Ko ranar rasuwar, Inna bayan ɗaki ta zaga ta yi kukanta.

Na isa Kekun Waje da hantsi, da kyamarar aro a jaka. Matar Kawu ta taro ni tun daga zaure, fuskarta cike da murna.

"Lale marhabin da mutanen birni! Da munka ji hoto za ka ɗauka, nic ce wallahi ba a ɗaukar ɗakin ga da dauɗa hakanan, duniya ta gani a yi muna dariya. Tun jiya nika shahe. Taho ka gani."

Na leƙa. Fari fat, daga sama har ƙasa. Babu ja, babu shuni, babu ɗigon totuwa ko ɗaya. Ta share ƙasa ta yayyafa ruwa, har sabuwar tabarma ta shimfiɗa min.

Raina ya ɓaci, ɓacin da ban taɓa ji ba. Magana ta zo min har baki, kuma na san bakina. Sai idona ya faɗa kan hannuwanta: farar ƙasa ta ci su har gwiwar hannu, fatar duk ta yi furu-furu. Baiwar Allah ta yini tana gyara ɗakin da za a rushe, don kawai kada baƙo ya ɗauki gidansu ba kintsi. A wurinmu haka ake yi, ba a nuna wa kyamara abu sai an wanke shi. Na haɗiye maganata na ce, "Sannu da aiki, Allah shi saka."

Da ta tafi dama min fura, na jiƙa tsumma na gwada goge wata kusurwa, ina tunanin farin zai fita ya bar na ƙasa. Ina! Fari da ja da shuni suka narke tare suka koma taɓo, har laka ta fara bin tsumman. Na tsaya kafin in ƙara ɓarna. Bangon ƙasa ba kwamfuta ba ne, abin da aka shafe ya shafu.

Na zauna a kan tabarmar na rasa abin yi. Na sha fura, na yi azahar, na dawo na zauna. Ƙofar ɗakin yamma take kallo. Bayan la'asar rana ta sunkuyo ta shigo ta gefe, ta kwanta a jikin bango, sai na ga inuwa siririya tana fitowa layi-layi. Launi ya tafi, amma kwarmin da yatsu suka yi a laka yana nan ƙarƙashin farin. Huɗu-huɗu, suna lanƙwasa, na ƙarshen bai kai sauran zurfi ba saboda ɗan ƙaramin yatsanta da ya taɓa karyewa. Na tashi na yi ta ɗauka har hasken ya janye.

Ba a daɗe ba aka rushe ɗakin.

A shago na ware sawun yatsun daga hoton na mai da shi buroshi. Na sayi masara gasassa, na cinye, na tsoma totuwar a tawada na dangwala a takarda, ita ma na mai da ita buroshi. Launukan kuwa daga ka na haɗo su. Aiki na farko da na sa su a ciki na wata Hajiya ce a Tsafe mai sayar da turaren wuta da humra. Da na tura mata ta gani, sai ta kira ni: "Malam, wanga ai ɗakin ƙauye na. Ni zinari nika so, da huranni." Na ji haushi, amma mai kaya ita ke da magana. Na ɗora mata zinari, na ɗora furanni, na dusashe bangon Kaka har sai wanda ya san yana nan ne zai gan shi. Ban cire shi ba dai.

Wata ranar Juma'a na je gaida Inna da kwamfutar a jaka. Bayan mun gaisa na buɗe na ajiye a gabanta, na ce ta ga aikin da na yi. Ta duba zinarin ta ce ya yi kyau, irin yabon da uwa ke yi wa abin da bai dame ta ba. Sai na kashe leyar furanni. Na kashe ta zinari. Na dawo wa ta ƙasa da ƙarfinta, jar ƙasa da ɗamarar shuni da ɗigon fari suka cika gilashin.

Inna ta tsura wa gilashin ido. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Shunin bai kai haka duhu ba."

Matar da ban taɓa ganin ta tsaya kallon ɗakin ba. Na rage duhun. Ta matso, ta ɗaga hannun dama, wanda ta gama murza ƙuli da shi, ta ɗora yatsu huɗu a kan gilashin, daidai kan layukan. Sawun ya fi yatsunta faɗi.

"Rage shi. Hannunta bai kai haka girma ba."

Na riƙa ragewa a hankali, layukan suna matsowa, har kowanne ya shige ƙarƙashin yatsa ɗaya.

"Tsaya nan," in ji ta.

Na tsaya. Ta bar hannunta a wurin, ta ja mayafi da ɗaya hannun ta rufe fuska. Ni kuma na kau da kai ina kallon ƙofa, don kada ta ji kunyata.

Da na koma shago na buɗe kwamfutar, ga maiƙon yatsu huɗu a tsakiyar gilashi. Na ɗauko ƙyallena, na riƙe shi ɗan lokaci, na mai da shi aljihun tebur.