Na Kai Ƙasar Gonata Kano

Ni ban yi boko ba. Na faɗa ne, surukata ta rubuta, domin matan Zinyau da suka dame ni da tambaya su ji su huta.

Gona ce da ni, gadon marigayi mai gidana. Shekara da shekaru Fulani na kwana da shanu a cikinta, har ƙasar ta yi baƙi ƙirin. Bara masu bututun gas suka ratsa ta tsakiyarta, suka haƙa, suka binne, suka baje wurin sumul. Na shuka gyaɗa, ta fito kamar gashin kan jariri. Sun binne baƙar ƙasata, sun ɗora min ja. Ga damina ta ƙarato, kuma gonar nan ita ke ciyar da gidana.

Litinin, Zinyau zuwa Rano

Muna idar da sallar asuba muka fita, ni da Malam Sule, ƙanen mai gidana, wanda ya yi firamare kuma har yau bai bar kowa ya manta ba. Na ɗaure ƙulli biyu a tsohon ɗankwali: baƙar ƙasa daga gefen da ba a taɓa ba, ja daga hanyar bututu. A kan babur muka isa tashar Rano, ƙarfe shida da kwata in ji agogonsa. Ya ce tun da aka halicci duniya bai taɓa jin wanda ya kai wa gwamnati tsarabar ƙasa ba. Na ce ai shi ma tsaraba ne, kuma ga shi na ɗauko shi.

Rano zuwa Kano

Direbanmu ɗan Kibiya ne, garin haihuwata, saboda haka ya ba ni gaba, ya cusa Malam a baya tare da buhunan albasa. Bayan Bunkure 'yan sanda suka tsayar da mu. Ɗaya ya leƙo, ya ga yadda na rungume ƙullin, ya tambayi abin da ke ciki.

Na ce, "Gonata ce, ɗana. Asibiti zan kai ta."

Ya kwance, ya duba, ya ɗaure min da kansa, ya ce Allah ya ba ta lafiya.

Ofishin hukuma

Ƙarfe tara da rabi muka sauka a Unguwa Uku, muka karya da ƙosai mai tsada da ƙanƙanta. Ofis na farko suka ce su bututu suke dubawa, ba ƙasa ba. Na biyu, na masu kula da muhalli, can aka kai mu gaban wata jami'a, Malama Binta, sa'ar 'yata ta uku. Ta ɗauko takardar kamfani mai cewa an gyara gonar, har da hoto da hatimi. Malam Sule na ganin hatimi ya gyara hula, ya raɗa min cewa doka doka ce, mu tashi da mutuncinmu.

Sai na kwance ƙullin biyu a kan teburinta. Na ce, "'Yata, ke da kika yi karatu, a wacce za ki shuka abincin 'ya'yanki?"

Ta murza wannan, ta murza waccan. Sannan ta ce ƙa'ida ita ce a tara ƙasar sama gefe guda, a mayar da ita a ƙarshe. Ta rubuta ƙorafina, na dangwala yatsa.

Muka kwana a Hotoro, gidan 'yata. Da gas ta dafa mana tuwon shinkafa, nan da nan ya nuna. Na ci, ban riƙe gas ɗin da komai ba.

Talata, komawa gida

Ƙarfe takwas muka taso tare da Malama Binta a motar hukuma, mai sanyi har Malam ya yi ta atishawa. Kafin azahar muna gona. Wakilin kamfani ya zo da farar hularsa mai ƙarfi, ya nuna gindin allon gargaɗi ya ce a haƙa nan. Nan ne wurin hoton, inda suka barbaɗa baƙar ƙasa kamar kwalli a ido. Na taka zuwa tsakiyar jar ƙasar, gefe da layin bututun kamar yadda Malama Binta ta gargaɗe ni, na kafa sandata.

Aka haƙa. Ja, ja, tsakuwa, ja. Sai da ramin ya kai gwiwa sannan ƙasata ta bayyana, baƙa, da warin kashin shanunta. Na durƙusa na gaishe ta a zuciyata.

Malama Binta ta ce ba za a sa hannu a takardar kammala aiki ba sai an juyo ƙasar kafin ruwan fari, kuma da ƙafarta za ta dawo ta gani. Malam Sule ya fara gaya wa jama'a yadda ya ja ragamar tafiyar. Ita kuwa ta hango dashen mangwaro uku a kan layin bututu, a gonar da ke maƙwabtaka da tawa. Ta ce ba a dasa itace a nan, saiwa na taɓa bututu. Ta tambayi mai su.

Malam ya dubi sama, ya dubi takalminsa.

Na ce, "Malam, doka doka ce."

Da hannunsa ya tumɓuke su.

Da la'asar na shiga gida lafiya. Kwana tara bayan haka motocin haƙa suka dawo, yanzu gyaɗata ta rufe ƙasa. Na gode wa Allah, na gode wa 'yar nan da direban Kibiya. Baƙin ƙullin na mayar da shi inda na ɗebo. Jan kuwa na aika wa Malam Sule, tsarabar Kano.