Taguwar da Ba Ta Ƙin Gishiri

A shekarun fari, lokacin da soja suka karɓi mulki ana rabon jar dawa a bayan motoci, ina ajin farko a kolej. Kowa a Agadas ya rame, shi ya sa ramar Kaka Tima ba ta ba mu tsoro ba. Ƙishirwarta ma muka ɗora wa zafi, ko da yake randa guda ba ta kai mata la'asar.

Babana baduku ne, kuma shi ne ɗanta na fari. Saboda alkunya ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ba ta zama hira da shi. In ta matsu sai ta ce, “Ku gaya wa wancan.” Lokacin da fari ya kashe dabbobi, masu sayen takalma suka ɗauke ƙafa, abu ɗaya ya rage da yake iya yi wa uwarsa. Ko ta wace hanya sai ya samo ɓallin sukari, bayan magariba ya dafa mata shayi zagaye uku, mai zaƙi har yana kama leɓe. Yakan ce, “Kai wa tsohuwa, ta samu ƙarfi.”

Wata safiya Kaka ta ja ni gidan likita, wai idonta na hazo. Lokotoro ya auna fitsarinta, ya ce ciwon sukari ne, yana faɗa da nasaranci ina fassara mata. Ya ce ta bar shayi, ta bar dabino, ta rage fura da tuwo, ta riƙa cin nama da ganye. Magani kuwa ya ƙare, sai an aiko daga Yamai.

A hanya ta yi dariya. “Kin ji mutumin nan? In ci abin da babu, in bar abin da akwai. Lambunan Tabelot sun bushe, ganyen a kansa zan tsinko?” Sai ta damƙe hannuna. “Ƙawata, ke kika iya nasaranci, ke kaɗai kika ji. In wancan ya ji daga bakinki, ban yafe ba.”

A ranar, da muka kewaye murhun gawayi, Baba na gefe yana fifita wutar shayi, Kaka ta ɗaga murya fiye da kullum, ta buɗe tatsuniya.

“Ga ta nan tafe, ku matsa mata.”

Muka ce, “Ta zo ta zauna.”

Wai wani madugu ne yake da tsohuwar taguwa, wato raƙuma. Da nononta ya girma, a bayanta ya koyi hanyar Bilma. Wata shekara ciyawa ta ƙare, ayarinsa ya watse, ba abin da ya rage masa sai kantu na gishiri. Kullum da yamma ya fasa mafi kyawu, ya miƙa mata a tafin hannu. Ta lasa, ƙishirwa ta ci ta, ga rijiya sai an yi tafiyar kwana uku. Kurciya da ke kallo ta ce mata, “Ke kuwa wace irin wawuya ce? Kau da kai mana!” Taguwa ta ce, “Kin ga fuskarsa sa'ad da nake lasa? In na kau da kai, me zai miƙo mini gobe?”

A nan Kaka ta tsaya. Ƙanwata Rabi ta ce, “To sai me? Ta mutu?”

“Uwar gaggawa! Tana can tana lasa.”

“Ai ba ki rufe ba, Kaka.”

“Wannan ba ta da murfi.”

Baba ya yi dariya ya ce, “Madugun nan dai jaki ne.” Ya ɗaga buta sama ya tsiyayo, kumfa ta hau, ya miƙo mini kofin. Na ɗauka na kai wa Kaka. Ta dube ni ido cikin ido, ta yi bismilla, ta shanye.

Haka muka yi wata da watanni. Na sha shirya maganar a bakina, in na tuna “ban yafe ba” sai ta koma ciki. Wani lokaci nakan yi kamar na yi tuntuɓe in zubar da rabin kofin, Baba ya yi mini faɗa ya sake cikawa. Na yi ta roƙon Allah a sujada ya sa ya gane tatsuniyar da kansa, don ta maimaita ta ya fi sau nawa. Bai gane ba. Daga baya ƙaya ta soke ta a ɗan yatsan ƙafa, wurin ya ƙi warkewa, ya yi baƙi, ya hau. Ta rasu kafin ruwan sama ya dawo. Baba ya rayu shekaru bayanta yana cewa yunwa ce ta kashe ta, amma alhamdu lillahi ko sau ɗaya ba ta kwana ba shayi ba. Ban gyara masa ba har ya bi ta. Allah ya ji ƙansu, ni kuma ya yafe mini.

Yau ciwon yana jikina. In na je layin awo a asibiti nakan tarar da rabin matan unguwarmu, kowace da takardarta a ƙulle a bakin zane. Na daɗe ina ganin alkunya ce ta kashe Kaka, na yi alkawari ba zan mutu irin mutuwarta ba. Ranar da ɗana na fari ya shigo mini da dabinon garin Fashi, na kira shi da sunansa, Iliyasu, har ya firgita. Na gaya masa komai, na ba shi takardar allurar da likita ya rubuta mini.

Tun hantsi ya fita. Ya zaga farmasi ɗaya bayan ɗaya, ko'ina a ce allurar ta yanke, a jira mota. Da la'asar na ji motsinsa a zaure, ya tsaya, ya kasa shigowa. Na leƙa na gan shi, ƙato mai 'ya'ya huɗu, yana juya takardar a hannu kamar yaron da aka aika ya zubar da miya.

A nan na san abin da Kaka ta hango. Na ce, “Shigo, ɗana, rana ta yi maka yawa.” Ya ce, “Inna, gobe zan sake zagawa.” Na ce to, Allah ya kai mu.