Lamba Shida a Zauren Kaka

Duk lokacin da na ratsa bakin tasha da damina na ji ƙamshin masara a kan garwashi, sai in tuna zauren kakana a Bungudu. In ganni ina ɗan shekara goma sha biyu, na durƙusa a kan tabarma, ruwa na sauka a kan kwano, zuciyata cike da wani abu da a lokacin ban yarda na kira shi da sunansa ba. Kishi ne. Kuma wadda nake kishin ba kowa ba ce, 'yar goggona ce.

A Gusau muke zaune. Ba a daɗe da ba mu jiha ba, aka dawo da babana aiki gida, garin ya cika da baƙi da babura da sababbin shaguna. Da an ba da hutu sai a sa ni a mota zuwa Bungudu. Ba na zuwa hannu biyu. Wata guda kafin hutun nake fara bin wuraren masu lemo ina tsintar murafan kwalba, in wanke su, in tara a gwangwanin madara. Wannan ne tsarabar da Kaka ya fi so.

Kaka ya buga ƙwallo da ƙuruciyarsa, zamanin da yake aiki a masaƙa, har gwiwarsa ta hagu ta lalace ya dawo gona. Bayan la'asar yakan miƙe ƙafar nan a zaure, ya zana fili a ƙasa da tsinken tsintsiya, ya zazzage gwangwanina. Kowane murfi ɗan wasa ne. Ba na yau kaɗai ba, har waɗanda suka tsufa da waɗanda suka mutu. Aikinmu shi ne mu haɗa sha ɗayan da babu mai iya cin su tun da aka fara ƙwallo a duniya.

Akwai waɗanda ba a gardama a kansu. Golan Rasha mai baƙaƙen kaya shi ne a raga, kullum. Bajamushen nan da yake tsayawa bayan 'yan baya yana share abin da ya kuɓuce musu, shi ma ba ya tashi. Rigimar a gaba take. Baƙin ɗan Barazil da ya ɗauki kofin duniya tun bai yi gemu ba, da gajeren ɗan Ajantina mai ƙafar hagu, dukansu lamba goma ne, to wa zai bar wa wani? Ga siririn ɗan Holan, ga namu na gida mai yanka da yake sa mai tsaron baya ya zauna a ƙasa. Kaka bai taɓa ganin yawancinsu ba, a rediyo ya san su. Ni kuwa na haddace sunayensu daga hotunan da ake sayarwa a kasuwar Gusau, na san ƙasar kowa da lambarsa. Idan Kaka ya manta suna sai ya nuna ni da tsinke, in faɗa, ya gyaɗa kai. Shekara biyu ina cin wannan sarauta ni kaɗai.

A daminar da aka buga kofin duniya ne goggona ta kawo 'yarta daga Tsafe, ta bar ta ta taya kakarmu mace, wadda muke kira Inna, aikin gida. Sa'ata ce, taubashiyata, siririya mai yawan kallo. Ranar farko ita aka aiko zaure da gasasshiyar masara. Ta ajiye kwanon, ba ta koma ba. Ta tsuguna daga gefe tana kallon murafan.

Ran nan na yi tsarin da nake alfahari da shi. Na jera gwanaye biyar a gaba, biyu a tsakiya su ma masu cin ƙwallo, uku a baya. Ina bayani ina nunawa: wannan zai yanke uku, wannan zai ɗaga, wannan ya sa kai. Kaka yana saurare yana ɓare masara.

Sai ta ce, “To wa zai kawo musu?”

Na ce, “Kawo mi?”

“Ƙwallon. Duk waɗanga jira sukai a ba su. In tana hannun abokan gaba, wa zai je shi amso ta?”

Na buɗe baki zan yi mata dariya, sai na ga Kaka ya daina tauna. Ya dube ta kamar yau ya fara ganinta. Ya ce ta matso. Ya ture hannuna daga kan filin, a hankali dai, amma har yau ina jin wurin. Ya ce ta gyara.

Ba ta san sunan kowa ba. Ta ɗauke ɗaya daga cikin gwanayena na gaba ta ajiye shi waje, ɗan Holan ɗin nan da nake ji da shi. Ta lalubo wani murfi mai tsatsa, wanda ya lanƙwashe, da ban taɓa ba shi suna ba, ta dasa shi a gaban 'yan baya. Ta ce wannan ba ruwansa da ci, aikinsa ya ƙwace ya miƙa. Ta matsar da gajeren ɗan Ajantina baya kaɗan, ta ce shi ya riƙa rabawa, baƙin ya tsaya gaba ya riƙa ci, kada su yi ta karo a wuri ɗaya.

Kaka ya yi dariya har da hawaye. Ya ɗauki murfin mai tsatsa ya juya shi a tafin hannunsa, ya ce, “Lamba shida. Shekara tara ina buga wurin ga, ba a taɓa ɗaga ni sama ba ko sau ɗaya.”

Ni da nake zama da shi shekara biyu ban taɓa tambayar lambar da ya buga ba.

Daga ranar zauren ya sake. Da an idar da la'asar sai Kaka ya ce a kira masa “koci”. Ya koya mata abubuwan da bai taɓa buɗe mini ba: yadda 'yan baya suke tahowa gaba a tare don su jefa abokin gaba satar gida, dalilin da ya sa ake son mai ƙafar hagu a gefen hagu, yadda a zamaninsu ake buga biyu a baya biyar a gaba da abin da ya sa aka daina. Shi ya haɗa tasa ƙungiyar, ita ta haɗa tata, su kara da baki, ya ce idan na bi ta nan fa, ta ce sai wannan ya rufe. Ni aikina ya koma faɗin suna idan an buƙata. Murafan nawa ne, ni na tsinto su cikin rana, amma na zama kamar mai riƙe fitila.

Na gwada duk abin da yaro zai gwada. Na yi mata tambayar da na san ba za ta iya ba, wace ƙasa ce ta ɗauki kofi a shekara kaza. Ta ce ba ta sani ba, ko a jikinta. Na ɓoye murfin mai tsatsa a cikin rumbu, ta ɗauko tsakuwa ta sa a gurbinsa. Wata rana na kwaikwayi tsarinta tsaf na gabatar a matsayin nawa, Kaka ya kalla ya ce, “Ya yi kyau. Mi ya sa ka aje wanga nan?” Na shiga kame-kame. Masarar ranar ko ɗanɗanonta ban ji ba.

Sai na je wajen Inna. Na same ta tana tankaɗe. Na yi fuskar mai nasiha na ce mutane suna magana, wai yarinya ta fara girma tana zama a zaure ana hirar ƙwallo, masu wucewa suna leƙowa. Babu wanda ya faɗi haka, ni na ƙirƙira. Na ƙara da cewa shi ya sa wanke-wanke yake kaiwa magariba. Na ga ran Inna ya ɓaci. Washegari ni aka ba kwanon masara na kai zaure.

Na samu abin da nake so. Na zazzage gwangwani, na zana filin da kaina, na zauna ina jira. Kaka ya tambayi koci, na ce Inna ta ba ta aiki. Ya dube ni ɗan lokaci. Muka yi wasan. Duk inda na sa murfi sai ya ce to. Babu gardama, babu dariya. Kafin a kira magariba ya fara gyangyaɗi. Haka muka ƙarasa hutun, ruwa na zuba, ni da shi da murafa, ina jiyo sautin taɓaryarta daga cikin gida.

Da bazarar da ta biyo Kaka ya rasu. Ban sake komawa Bungudu hutu ba.

Na daɗe ina ɗauke da abin. A ganina na raba tsoho da abin da ya fi faranta masa rai a daminarsa ta ƙarshe, na kuma raba yarinya da kakanta. Muna haɗuwa da ita a biki da suna, mu yi wasan taubasai, amma ban taɓa iya tayar da maganar ba. Ta zama malamar makaranta a Tsafe. Bara da na je yi mata barka da aurar da ɗanta na fari, bayan mutane sun ragu, na daure na faɗa mata komai, na nemi ta yafe mini.

Ta yi dariya har ta dafa ƙirji. Ta ce ai tun ranar ta sani, Inna ce da kanta ta gaya wa Kaka.

“To ba ki ji haushi ba?”

“Haushin mi? Ba kai aka aikawa da awaki bakin gulbi kullum da hantsi ba? Da ka fita sai Kaka shi shigo cikin gida da sandarshi, shi zauna gindin turmi, mu jera da ƙwayar gyaɗa. Har Inna sai da ta koyi satar gida. Da la'asar ya riga ya gaji, shi ya sa yake maka barci.”

Na yi dariya tare da ita, don babu yadda zan yi. Amma a mota, tsakanin Tsafe da Gusau, na ji abin nan ya taso mini sabo fil, ni da furfura a gemu.

Yau 'ya'yana a waya suke haɗa nasu sha ɗayan. Kowa da tasa, kowa shi kaɗai a lungunsa, wayar ce take gaya masa wa ya fi wa. Ba sa jiran wani tsoho ya gyaɗa musu kai, don haka babu wanda suke tsoron ya ƙwace musu shi. Wani lokaci ina ganin sun huta. Wani lokaci kuma in zauna kusa da ƙaramarsu in ce ta nuna mini nata tsarin, sai in lura yayanta ya ɗago kai daga wayarsa yana kallonmu ta gefen ido. Sai in ce shi ma ya matso.