Buhu na Takwas ko Sadisu

Ruwa ya fara cin gonata a fadamar Auyo, muna ta loda shinkafa a jirgi, sai jikana Sadisu ɗan jami'a ya ɗora buhu na takwas, ya zauna a kai ya fara wa'azi.

"Kaka, ka san daga ina nauyin nan ya fito? Ƙananan abubuwan da suka haɗu suka yi ƙwayar shinkafa kusan ba su da nauyi. Kuzarinsu ne da ke ɗaure a ciki yake zama nauyi. Masana sun tabbatar."

Na ce, "Madalla, Shehun boko. To kwance shi mu tafi."

Ya ce ba a iya kwancewa.

Ni ban yi boko ba, amma babana ya koya min: in tsakanin ruwa da bakin jirgi bai kai yatsu huɗu ba, dole wani ya sauka. Na auna, uku ne.

Na bar Sadisu kan tudu da kuzarinsa, sai sawu na biyu. Shinkafata ta isa gida a bushe.

Jama'a, tsakani da Allah, ku wa za ku sauke?