Hoton Kawu da Aka Goge Sau Biyu

Kai jama'a, wannan gardamar hoton da kuke ta yi a comments ita ta taso min da abin! Ku tsaya ku ji nawa.

Shekarun baya, ina shekarar farko a college, na kamu da son gyara shafuka a kundin nan na intanet da kowa ke iya rubutu a ciki. Ba wanda ya koya min. A ɗakina a unguwar Levenshulme, nan ƙasar Turawa, na koya, da tsohon laptop ɗin yayata, ina ji kamar ni kaɗai zan ceto tarihin Hausawa.

Sai na tuna da kawuna, yayan mahaifiyata, da ke zaune a unguwar Aston, can Birmingham. Da yana saurayi ɗan wasan kwaikwayo ne can gida ƙasar Hausa, har jaridu sun yi rubutu a kansa. Jikokinsa kuwa ba abin da suka sani sai Grandad mai sanda da kwalin magani. Na kwaso tsofaffin jaridun da ya adana, na rubuta masa shafi da Turanci don yaran su karanta. Na ɗora hoton da ke rataye a falonsa, na tallan wani wasa ne, hula a karkace, yana wani murmushin ƙeta. Da na faɗa masa a waya, cewa ya yi kar in nuna wa yaran sai na zo mun buɗe tare.

Kwana biyu aka goge hoton. Na mayar, aka sake gogewa. Wata editor, cikin masu sa ido a kan shafukan, ta tambaye ni hoton na wa ne. Na ce nasa ne mana! Ai mu in an ce "hotonsa" magana ta ƙare. Ta ce a'a, fuskar ce tasa, hoton na wanda ya ɗauka ne. Studio ɗin kuwa an rufe tun ba a haife ni ba, ba wanda ya san inda magada suke balle a nemi izini.

Na je na haddace kalma biyu, fair use, na dawo da ƙarfina: ai don ilimi ne, ba sayarwa muke ba. Ta ce haka ne, amma a ƙa'idarsu muddin mutum na raye ba a sa irin wannan hoton, tunda ana iya ɗaukar sabo. In je in ɗauke shi da wayata.

Abin da ba ta sani ba, Kawu ya yi stroke, shanyewar ɓarin jiki, ɓarin fuskarsa na hagu ya sauka.

Ranar Asabar na hau coach, doguwar bas, zuwa Birmingham. Ina shiga ya ce, "Ɗan boko, ina hoton nawa?"

Na yi ta bayani.

"Hotona ne fa. Ni na tsaya, ni na ɗinka rigar."

"Kawu, ƙa'ida ce."

"To yaushe ƙa'idar za ta yarda?"

Ni da shegen rawar kai, kamar mai amsa jarrabawa, na ce, "Sai in mutum ba ya raye."

Matarsa ta ajiye tiren shayi ta fita. Shi kuwa ya yi dariya da rabin baki.

"Ashe ni ne matsalar. Ka ce musu su yi haƙuri, na kusa."

Na ɗaga waya zan ɗauke shi hoto. Ya kawar da kai.

"Ajiye. Wannan fuskar ta GP ce, likitana. Yaran nan sun ganta har sun gaji."

Ba mu buɗe shafin ba ranar. Bai sake tambayata ba.

Da sanyi ya shigo Allah Ya yi masa rasuwa. Bayan sadakar arba'in na ƙanƙanta hoton yadda ƙa'ida ta ce, na rubuta dalili, na ɗora. Ba wanda ya taɓa shi. Editor ɗin nan ma ta'aziyya ta rubuto min. Jikarsa ƙarama ta daɗe tana kallon wayata, ta ce, "That's never Grandad," wai sam wannan ba kakanta ba ne.

Yanzu na fahimci ƙa'idar, mai ɗaukar hoto ma yana da haƙƙi, har sababbin shiga nake koya wa. Amma duk sanda na buɗe shafin na ga hular nan a karkace, na san abin da ya ba ta izinin zama, kuma na san daga bakin wa Kawu ya ji hakan.

Allah Ya jiƙan Kawu. Ku fa, akwai gaskiyar da kuka taɓa faɗa wa babba, kuka yi fatan da shiru kuka yi? Ku ba ni labari a ƙasa.